Tankin da Ya Ci Gashin Bakin Zulfo

Ni ne wanzamin Kukovo, sunana Nazif, kuma babu haɓar da ke ƙauyen nan wadda askata ba ta bi ta kanta ba, tun daga ta liman har ta mai gadin makaranta. Gashin baki ɗaya ne ya gagare ni, na Zulfo Bajamushe, kuma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ku da ba ku gan shi ba, an yi ba ku. Baƙi ne wuluk, mai kauri, an murɗe shi hagu da dama har ya kusa taɓo kunnuwa. Kullum da safe sai Zulfo ya shafa masa man zaitun, ya taje shi da wani ɗan mataji da yake ajiyewa a aljihun ƙirji. Zai zo shagona ya zauna, ya sha gahawata, ya karanta jaridata, amma da na miƙa hannu wajen almakashi sai ya ce, "Ajiye, Nazif. Wannan ba irin ciyawar da ka saba yanka ba ce."

Sunan Bajamushe kuwa ya samo shi ne saboda shekarun da ya yi yana aiki a Jamus. Ya dawo da akwati biyu, da hular kwano ruwan ɗorawa, da baki. A faɗarsa, shi ya gina rabin birnin Stuttgart, sauran rabin ma da ya rushe sai da aka kira shi ya duba. Salko, ƙanin matarsa, mai kiwon awaki, ya ce shi dai labarin da ya ji baro Zulfo yake turawa. Amma in kana neman wanda zai ja da Zulfo a magana, to sai ka tanadi guzuri.

A ranin da nake ba ku labari, tsohuwar rijiyar tara ruwan sama ta bayan masallaci ta kusa ƙafewa, kamar yadda ta saba duk rani, don mu sai kaka ake mana ruwan sama, mata suka koma gangara kwazazzabo zuwa marmaro. Muna zaune a ƙofar shagona da hantsi sai ga Mevla, matar Zulfo, ta hauro da jarka biyu, bayanta a ranƙwafe, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ko kallonmu ba ta yi ba.

Salko ya kurɓi gahawa ya ce, "Mijin Yaya, wai ba waccan ce matar mutumin da ya gina rabin Stuttgart ba? Na ga kamar ita ce."

Aka kwashe da dariya. Gashin bakin Zulfo ya motsa. Ya miƙe tsaye, ya nuna tudun da ke saman dandali.

"Kun ga can? Can zan gina muku tankin kankare wanda tun da aka kafa garin nan ba a ga irinsa ba. Ruwan kaka ɗaya zai cika shi, ku sha, ku yi wanka, awakinka ma su yi iyo. Irin aikin Jamus, ba irin ramin kurege na kakanninku ba."

"In ya yi yoyo fa?" in ji Salko.

Zulfo ya kai hannu ga gashin bakinsa. Ya sa yatsu biyu ya tsige gashi ɗaya daga gefen dama, idonsa ya kawo ruwa, ya ajiye shi a kan farantin gahawa. Wurin ya yi tsit, domin a wajenmu in namiji ya ajiye gashin bakinsa a kan magana, to ta wuce wasa.

"In tankin nan ya zubar da ɗigo ɗaya," ya ce, "Nazif ya aske sauran a tsakiyar dandali, rana tsaka, ba ko sabulu."

Na ce, "Haba, da sabulu zan yi maka. Mu ba azzalumai ba ne."

Na ɗauki gashin na sa a kwalin ashana, na ajiye a saman madubi. A ranar na wasa askata sau biyu, ba don akwai mai aski ba.

Aka kira gayya. Maza suka fasa dutse suka daidaita wurin, aka ɗaure rodi, aka kafa katako. Har nan babu laifi, don kowane namiji a Kukovo ya taɓa zuba rufin ɗakinsa ko na maƙwabcinsa. Ranar zubi kowa ya fito, mata suka kawo gurasa da cuku da ɓaure, Zulfo ya hau kan buhunan siminti da hular kwanonsa yana ba da umarni.

Salko ya fara auna kwaɓi yadda kowa ya sani: shebur ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa, ruwa daidai wanda in ka dunƙula a hannu zai tsaya.

"Tsaya, tsaya!" Zulfo ya daka tsawa. "Mene ne wannan kake lodawa?"

"Tsakuwa ce, Mijin Yaya. A Jamus wani suna gare ta?"

"Tsakuwa ai dabarar talaka ce ta cika ciki. Wa ya taɓa zuba duwatsu a miya don ta yi daɗi? Ƙarfi a siminti yake. A rage tsakuwa, a ninka siminti!"

Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai a saninsa tsakuwar ce ƙashin abin, sauran duk tsoka ne. Zulfo ya ce, "Allah gafarta Malam, in an zo gina lahira za mu tambaye ka." Liman ya koma inuwa.

Aka rage tsakuwa, aka ninka siminti. Kwaɓin ya yi danƙo, yana kama shebur, maza suka fara nishi. Zulfo ya leƙa ya ce, "Kun gani? Ƙishirwa yake ji. A ƙara ruwa." Aka ƙara. "A ƙara." Aka ƙara. Da ruwan da mata suka ɗebo ya ƙare, sai ya sa aka kwashe ɗan abin da ya rage a tsohuwar rijiya, wai ai gobe ma ba za a sake waiwayarta ba. Kafin azahar abin da ke cikin baro ya zama kunu.

Gwaggo Pemba, tsohuwar da ke sayar da cuku a ƙasan dandali, ta dogaro sandarta ta zo ta tsoma yatsa.

"Zulfo ɗan nan, wannan sha za a yi ko gini?"

"Gwaggo, haka ake yi a can. Ya kwarara da kansa, ya shiga kowane lungu, ya fito sumul kamar madubi."

"To ruwan da ka ɗura masa, ina zai tafi?"

"Ya bushe mana."

"In ya fita, wa zai zauna a gurbinsa? Cukuna ma in ruwa ya tsane motsewa yake, ka zuba cike da ƙwarya ka kwashe rabi. Dutse ne ba ya motsewa, shi kuma ka kore shi."

Zulfo ya murɗa gashin baki ya ce, "Gwaggo, da girmanki. Ranar da za a gina tanki da cuku, ni da kaina zan zo in ɗauke ki."

"Allah ya kai mu," ta ce. "Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho."

Aka yi ta zuba kunu a tsakiyar zafin rana, don Zulfo ya ce Bajamushe ba ya jiran la'asar. Kunun ya riƙa ɓulɓulowa ta tsakanin katako, maza suna toshewa da tsumma. Takalmin Salko ɗaya ya nutse a ciki, har yau yana can. Da aka gama, Zulfo ya durƙusa a kan leɓen tankin, ya zana hoton gashin baki da yatsa, babba, mai murɗe biyu, ya rubuta sunansa a ƙasa. Tsakuwar da ta yi saura kuwa, tsibi guda, ya sa aka ture ta gefe, ya ce a bar wa kaji.

Washegari da sassafe mata suka hauro kamar yadda aka saba yi wa kowane sabon zubi, da jiƙaƙƙun buhuna da bokitai, za su rufe shi su riƙa yayyafa masa ruwa har ya yi ƙwari. Suka tarar da Zulfo ya kafa kujera a bakin hanya, ya ɗora sanda a cinya.

"Ina zuwa?"

Mevla ta ce, "Maigida, ban ruwa za mu yi masa."

"Ban ruwa? Kankare ne ko tumatir? Jiya an ce na cika ruwa, yau kuma an kawo mini ƙari! So nake ya bushe, ku kuna so ku jiƙa. Ku koma."

"Jiya a ciki ka zuba, yau a waje za mu sa, don kada rana ta zuƙe shi da gaggawa. Uwata haka ta yi, uwarka ma haka ta yi."

"Shi ya sa babu wadda aka kira ta gina Stuttgart a cikinsu."

Mevla ta dube shi, ta dubi buhun da ke hannunta, na ga kamar tana auna wanda ya fi cancanta a jiƙa. Ta juya, sauran mata suka bi ta.

Zulfo bai tsaya nan ba. Ya cire katako tun abin bai gama kama jikinsa ba, don iska ta shiga. Da ya ga wani gefe na inuwa bai yi fari da wuri ba, sai ya tara busassun rassan inabi a cikin tankin ya cinna wuta. Hayaƙi ya turnuƙe tudun, har mutanen ƙauyen da ke hayi suka aiko tambaya ko lafiya. Zulfo ya aika musu cewa ci gaba ne.

Ba a jima ba tsaga ta fara bayyana. Da fari siririya ce kamar zaren gizo-gizo, ta bi bango, ta haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi jikoki. Salko ne ya fara gani, ya sauko shagona da gudu.

"Nazif, wasa askarka! Tanki ya fara murmushi."

Muka hau gaba ɗayanmu. Zulfo ya duba, ya shafa, ya ce, "Kai, jahilci dai ciwo ne. Waɗannan ai hanyoyin numfashi ne. Kowane kankare mai daraja yana da su."

"To wannan fa?" Salko ya nuna leɓen tankin. Wata tsaga ta ratsa hoton gashin bakin daidai tsakiya, ta raba shi biyu.

"Wannan tsagar taje ce," in ji Zulfo, amma na ga hannunsa ya kai ga aljihun mataji.

Rana ta ci gaba da aikinta. Bangon ya ja jiki ya bar bakin famfo yana lilo a cikin raminsa. Kusurwoyin daɓen ƙasa suka ɗaga kamar busasshiyar gurasa. Hanyoyin numfashi suka yi faɗi har ƙadangaru suka tare a ciki da iyalansu. Zulfo ya daina zuwa shan gahawa, sai dai mu hango hular kwano tana kai da kawowa a kan tudu.

Da fari ya dama zallar siminti da ruwa, ba ko yashi, ya cike tsagogin. Cikon ya bushe, ya motse fiye da uwarsa, ya faɗo ɓaro-ɓaro. Sai ya saci ƙullin gurasar Mevla ya cusa, wai ya ji ana yi wa lagireton mota mai yoyo haka. Awakin Salko suka ji ƙamshi, suka hau suka lashe tas, har wani bunsuru ya maƙale ƙaho a ramin famfo, sai da aka taru aka ja shi ta ƙafafu. Daga nan ya koma kakin zuma. Wannan ya zauna, amma ya gayyato zuma da rina daga duk tsaunin, suka yi wa Zulfo tarba ta musamman. Ya sauko dandali leɓensa na sama ya kumbura, gashin baki ya miƙe tsaye yana kallon gaba.

Gwaggo Pemba ta ce, "Sannu ɗan nan. Wannan ma irin na Jamus ne?"

"Gwaggo, babban aiki ba ya rasa 'yan hassada, har da masu fiffike."

A ƙarshe ya sayo shuɗin fenti ya shafe tankin ciki da waje, ya rufe kaki da tsaga da ƙadangare ɗaya da bai yi saurin gudu ba. Gaskiya ya yi kyau. Daga nesa sai ka ce guntun sama ne ya faɗo a kan tudu. Ni kaina sai da na ce kada dai mutumin nan ya tsira da gashinsa.

Da ya ga haka sai bakinsa ya dawo. Ya ce ba zai jira ruwan kaka ba, zai kira tankar ruwa daga garin Stolac a cika shi a gaban kowa, a yanka rago, a kira makaɗa. Mevla ta ce masa, "Maigida, ka bari ruwan sama ya gwada shi a hankali, in da abin gyara a gyara ba wanda ya sani." Ya ce mata wanda ya yi aikin kirki ba ya ɓuya.

Ranar Asabar gari ya cika, har mutanen hayi suka zo. Aka haƙa ramin gashi a gindin tudu, daidai ƙasan tankin, ana juya rago a kan garwashi. Tanka ta yi sawu bayan sawu, ruwa ya hau har ya kusa leɓe. Bangon ya tsaya. Mutane suka fara tafi, ni kuma na ji kwalin ashanar da ke aljihuna ya yi mini nauyi.

Da Zulfo ya tsaya nan, wataƙila da ya samu ya ci ragonsa kafin asiri ya tonu. Amma ina! Ya sa aka ɗauko kwamin wankin Mevla, na katako, aka ɗora a kan ruwan, ya shiga ya tsaya a ciki da hular kwanonsa da sanda a hannu, wai daga tsakiyar tanki zai yi jawabi. Mu muna ƙasa a dandali muna ganinsa daga gwiwa zuwa sama.

"Jama'ar Kukovo!" ya fara. "Yau ranar kunya ce ga masu cuku da masu awaki!"

Sai muka ji wani ɗan sauti, fut, kamar an cire toshiyar kwalba. Wani dunƙulen kaki mai shuɗin fenti ya yi tsalle ya faɗa cikin farantin liman. Bayansa wani siririn ruwa ya biyo.

"An ce mini in zuba duwatsu!" Zulfo ya ci gaba, don shi bai ga komai ba. "An ce in yi masa ban ruwa kamar lambu!"

Fut. Fut. Fut-fut. Bangon ya fara tsartuwa ta ko'ina. Mai ganga ya daina kiɗa. Na lura yanzu daga ƙugu muke ganin Zulfo.

Salko ya ɗaga murya, "Mijin Yaya, kamar kana raguwa!"

"Hassada ce ke rage maka gani! A Stuttgart, ranar da na gama babbar gada..."

Ramin famfo ya tofar da famfon gaba ɗaya. Ruwa ya yi ambaliya ya gangaro, ya bi ta kan tsibin tsakuwar da aka bar wa kaji, ya faɗa ramin gashi. Garwashi ya yi wata irin ƙara, tururi ya tashi, mai juya rago ya yar da sanda ya ruga. Ragon da kansa ya bi ruwa ya nufi ƙofar Gwaggo Pemba, ita kuwa ta sa sandarta ta tare shi ta ce, "Wanda ya zo ƙofata baƙona ne."

Zulfo yana nan yana jawabi. Ƙirjinsa ya ɓace, kafaɗu suka bi. Can sai gashin baki kaɗai da hular kwano ake gani a saman leɓen tankin, murɗe biyun suna rawa da kowace kalma. Daga nan gashin ya nutse, hular ta bi shi, sai murya kawai ke fitowa daga ciki tana amsa kuwwa.

"...shugaban kamfanin da kansa ya riƙe hannuna ya ce, Zulfo... Kai! Wa ya ɗaga bangon nan?"

Mutane suka faɗi ƙasa don dariya. Liman ya riƙe ciki yana istigfari yana ƙarawa. Muka hau muka leƙa, ga Zulfo zaune cikin kwami a kan jiƙaƙƙen daɓe, ƙadangare ɗaya shuɗi yana kallonsa.

"Direban tankar ne," ya ce da ya gan mu. "Ruwansa ya cika nauyi. Ruwan Jamus ba haka yake ba."

"Kawo hannu dai," in ji Salko. "Nazif na jira."

Ba a ɗaga maganar zuwa gobe ba, don rana tana tsaka, ga dandali, ga jama'a. Na fito da kujerata, na buɗe kwalin ashana na nuna wa kowa gashin alkawari. Zulfo ya dubi hanyar gida, ya dubi mutane, sannan ya cire hular kwano ya zauna da kansa. Wannan kam na ba shi, bai sa an riƙe shi ba.

Na shafa sabulu. Shekara da shekaru ina mafarkin wannan rana, amma da na ɗora aska sai na ji hannuna ba ya so. Mutumin ya rufe ido, bakinsa a rufe, abin da ban taɓa gani ba. Na yi gefen dama, na yi na hagu. Abin da ya fito daga ƙarƙashi wani ɗan leɓe ne fari, siriri, sai ka ce na yaron da aka kai makaranta ranar farko. Dariyar ta mutu da kanta. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina.

Zan karkaɗe tawul ke nan sai Mevla ta riƙe mini hannu.

"Kada ka zubar, Nazif."

Ta kwance gefen ɗankwalinta, ta tattara gashin tas, ta ƙulle. Sannan ta dubi mijinta ta ce, "Tashi mu je, Maigida. Ka zubar da ruwan tanka, ka zubar da na rijiya, gida kuma babu ko na alwala. Jarkokin suna bayan ƙofa."

Aka sake kiran gayya, don ba a barin rami mai girman wannan ya zama gidan ƙadangaru. Aka kankare fenti da kaki, aka wanke tsakuwar kaji, aka zuba sabon ciki da kwaɓi mai tauri, da sanyin safiya, ana cusa shi da sanda har ya zauna. Zulfo ne mai tura baro, kuma a nan muka gane Salko bai yi ƙarya ba, domin ban taɓa ganin wanda ya iya tura baro kamarsa ba. Mata suka rufe zubin da jiƙaƙƙun buhuna, ruwan yayyafi kuwa Zulfo ne ke hauro da shi daga marmaro, safe da yamma, ya ɗaure ƙyalle a baki wai saboda ƙura.

Da aka zo shafen ƙarshe, Gwaggo Pemba ta ce a yi shi irin na tsohuwar rijiya, da farar ƙasa da yashi da gashin akuya, don gashin ne ke riƙe shafe kada ya tsage in yana bushewa. Salko ya kawo buhu guda na gashin awakinsa. Ana cikin kwaɓawa sai Mevla ta matso, ta kwance ƙullin ɗankwalinta, ta zazzage a ciki.

"Mevla!" Zulfo ya yi ƙara ta bayan ƙyalle. "Da na akuya?"

"Shekara nawa ina ciyar da shi man zaitun ɗina," ta ce. "Bari ya yi mini aiki ko sau ɗaya."

Ruwan kaka ya sauka, tanki ya cika, ya riƙe. Muka zagaya shi muna shafa bango, ko danshi babu. Mevla ta rataye jarkokinta a rumbu, na ga ta wuce ta ƙofar shagona tana tafiya a miƙe, har ta tsaya ta gaishe mu.

Kwana kaɗan bayan haka sai ga Zulfo, ba ƙyalle, ya shigo ya zauna a kujerar aski, ya ɗauki gahawata ya kurɓa. Sabon gashi ya fara tsirowa a leɓen.

"Nazif," ya ce da ƙarfi don na waje su ji, "da aka yi shi da siminti zalla, ya riƙe?"

"Bai riƙe ba."

"Tsohuwar rijiya mai gashin akuya zalla, tana kai ku ƙarshen rani?"

"Ba ta kaiwa, amma ai ita ƙanƙanta..."

"To me aka ƙara a wannan da babu a waɗancan?" Ya dubi Salko da ke bakin ƙofa. "Duk wanda ya sha ruwa a garin nan, ya san gashin bakin wa yake riƙe masa shi."

Salko ya dubi kofin ruwan da ke hannunsa, ya ajiye shi.

Zulfo ya jingina, ya ɗaga haɓa, ya nuna ɗan tsiron da yatsa.

"Aske, amma a hankali, kuma ka tara mini a kwali. In gwamnati ta tashi gina madatsar ruwa, kada su zo su tarar ba mu da kaya."